Hasarar Fari da Ambaliya a Yammacin Zamfara, da Wanda Zai Biya Ta

Wanda ya tashi daga Anka ya nufi yamma, ya ratsa ƙasar Bukkuyum har ya sauka Gummi, Gulbin Zamfara ne abokin tafiyarsa. Gulbin nan shi ne ya wuce ta Jega, ya je ya gamu da Gulbin Kabi, su tafi tare su faɗa Kwara. Tun sa'ad da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a cikin ƙarni na 18, Zamfarawa suka yiwo kudu, har gidan sarautarsu ya tabbata a Anka, arzikin ƙasashen nan uku yana rataye da gulbin nan. A fadamarsa ake shinkafa da rake da albasa, a tudunsa ake gero da dawa da auduga. In ya kawo daidai, kowa ya ci ya sha. In ya ƙi kawowa, ko ya kawo ya wuce iyaka, to, talaka ya shiga uku.

A tsakiyar watan Agusta na 2024 ruwa ya ci garin Gummi da ƙauyukansa. Lissafin da Sarkin Mafaran Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan, ya ba Gwamna Dauda Lawal ran da ya zo jaje ya nuna magidanta fiye da 10,000 abin ya shafa. Gwamna ya yi alkawarin Naira miliyan 100 da buhunan hatsi. Ba a gama share hawayen wannan ba, sai ga shi a watan Satumba jirgin ruwa ya kife da manoma suna ƙetarewa zuwa gonakinsu, gommai suka halaka. Allah ya jiƙansu. Abin da muke so mu duba a nan shi ne wannan: in irin wannan hasara ta auku, wa ke ɗaukar nauyinta? Yaya mutanen dā suka yi, yaya ake yi yanzu, mene ne kuma ya rage a wuyanmu?

Yadda mutanen dā ke yi

Kakanninmu ba su taɓa amincewa da damina ɗaya ba. Magidanci na kirki yakan yi rumbun tsimi, ya zuba gero a zangarniyarsa, ya liƙe, ba ya buɗewa sai ya ga amfanin wata shekara ya nuna. Yakan shuka gero mai saurin nuna, da maiwa, da dawa, da wake a gona guda, don in wannan ya ƙi wancan ya yi. In soro ya faɗi, a yi gayya a tā da shi. In iri ya ƙare, a je wa maƙwabci rance. In abin ya yi tsanani, samari su tafi cin rani don a rage bakuna a gida.

Bayan wannan kuma akwai haƙƙin da addini ya ɗora. Zakkar hatsi takan taru a hannun masu gari da hakimai, kuma an san sarkin da ya ƙi buɗe rumbunsa ran yunwa ya zubar da girmansa. Ba mu ce kullum ana cika wannan haƙƙi ba, gama a kowane zamani akwai azzalumai. Amma dai talaka ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya kuma san sunan mai ƙofar.

Zamanin Turawa da En'e

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ba da jimawa ba suka gama zakka da kuɗin ƙasa da sauran abubuwan da ake karɓa, suka mai da su haraji guda, daga baya kuma suka ce sai da tsabar kuɗi. Wannan ya sa manomi ya riƙa sayar da hatsinsa tun da kaka, lokacin da ba shi da daraja, don ya sallami mai karɓar haraji. Rumbun tsimi ya fara yin sauƙi.

A 1913 ruwa ya ɗauke a ƙasar Hausa duka, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kai 1914. Mutane suka mutu ba adadi, waɗansu suka bi hanyar kudu ba su komo ba. Agajin da gwamnatin Turawa ta kawo bai taka kara ya karya ba, ga shi kuwa ba a daina neman haraji ba. A 1927 aka sake wata, mutanen Kano da Katsina suna ce mata 'Yar Buhu. Bayanta fāra ta yi ta sauka shekara da shekaru. Ta 1942 kuwa Katsinawa suka sa mata suna 'Yar Gusau, domin can aka riƙa zuwa neman hatsi. Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna mana matsayin Zamfara a wancan zamani, watau ita ce rumbun da maƙwabta ke dogara gare shi.

A hankali En'e ta koyi darasi. Aka riƙa ajiye hatsi don ɓacin rana, aka riƙa ba da rancen iri daga Baitulmali, inda kuma amfani ya lalace hakimi yakan rubuta a nemi sassaucin haraji. A nan akwai abin lura. Sassaucin nan ba ya samuwa sai da takarda. Malamin hakimi shi ke fita ƙauye ƙauye, ya rubuta sunan magidanci, da gonarsa, da abin da ya rasa. Ƙauyen da aka rubuta shi ake tunawa, wanda alƙalami ya tsallake kuwa sai ya biya cif, ko da bai girbe dami guda ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Daga fari zuwa ambaliya

Bayan samun mulkin kai, farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki daga Senegal har Habasha. Gwamnati ta ga maganin abin shi ne manyan madatsun ruwa, aka gina na Bakolori a ƙasar Talata Mafara, aka gama a 1978. Amma manoman da ruwa ya cinye gonakinsu da garuruwansu suka ce ba a biya su diyya yadda ya kamata ba. Suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sanda, aka rasa rayuka da yawa. Tun daga ran nan mutanen Zamfara suka san maganar diyya ba wasa ba ce. A 1983 da 1984 fari ya komo, ga kuma annobar shanu.

Daga nan sai al'amari ya juya. Ruwan da ake kuka da rashinsa ya dawo, amma ba irin na dā ba. Yakan makara, ko ya fara ya ɗauke har shuka ta ƙone, sa'an nan ya zubo na wata guda a dare ɗaya. A 2010 ruwan Gulbin Rima ya ci ƙasashen Goronyo da Sakkwato. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ta 2022 ta kashe fiye da 600. A 2024, shekarar da Gummi ta nutse, madatsar Alau ta fashe ruwa ya shiga Maiduguri.

Masana sun bayyana dalili. Tun da aka fara ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas a masana'antu da motoci, hayaƙinsu yana taruwa a sama, yana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 bisa yadda yake kafin zamanin injuna. Iska mai zafi kuwa ta fi ɗaukar tururin ruwa, kowane digiri guda yana ƙara mata wajen kashi 7 cikin 100. Saboda haka ƙasa ta fi saurin bushewa, hadari kuma in ya haɗu ya fi nauyi. A 2017 waɗansu masana suka duba hotunan da taurarin ɗan Adam suka ɗauka tun daga 1982, suka tarar manyan hadura masu ɓarna a yankin Sahel sun ninka har sau 3. Wannan shi ake kira sauyin yanayi.

Kada dai mu ɗora wa na nesa laifin duka. Mu ma mun sare itatuwan bakin gulbi, mun yi gini a kan hanyar ruwa, mun cika magudanai da shara. Ga kuma 'yan bindiga da suka kori mutane daga gonakin daji, suka tura su suka cunkushe a gari da fadama. Amma a babban laifin, watau hayaƙin nan, rabon Afirka duka bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Manomin Gummi da bai taɓa mallakar ko babur ba shi ne ruwa ya ci rumbunsa. Wani ya ci, wani ya yi amai.

Maganar a gaban ƙasashen duniya

Waɗanda suka fara tā da maganar nan mutanen ƙananan tsibirai ne, waɗanda teku ke neman haɗiyewa. A 1991 ƙasar Banuwatu ta kawo shawara a kafa asusu, ƙasashe masu masana'antu su zuba kuɗi, a riƙa biyan waɗanda suka yi hasara. Manyan ƙasashe suka yi kunnen uwar shegu. A 1992 aka ƙulla yarjejeniyar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Birazil ba tare da asusun ba. A 2013, a birnin Warso, aka yarda a kafa kwamitin da zai duba maganar hasara da ɓarna, amma babu kuɗi. A 2015 aka sa maganar cikin yarjejeniyar Faris, sai dai aka rubuta a gefe cewa wannan ba ya nufin wata ƙasa ta amsa laifi ko za ta biya diyya.

Sai a 2022, a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar, bayan ambaliya ta yi wa Pakistan mummunar ɓarna, aka amince da kafa Asusun Hasara da Ɓarna. Shekara 31 ke nan ana jan magana guda. Ba gwamnatoci kaɗai suka ja ta ba. Ƙungiyoyin jama'a na ƙasashe dabam dabam, da matasa, da malaman jami'a, su suka hana ta mutuwa, kowace shekara suna tsaye a ƙofar taro suna tuni. A 2023 a Dubai aka buɗe asusun, aka yi alkawarin wajen Dala miliyan 700. Aka danƙa wa Bankin Duniya riƙonsa na wucin gadi, a 2024 kuma aka naɗa wani mutumin Senegal, Ibrahima Cheikh Diong, ya shugabance shi. A 2025 Amurka ta janye daga hukumar asusun, hukumar kuwa ta ware Dala miliyan 250 don fara aiki. A watan Yuli na shekarar nan Kotun Duniya ta ba da fatawa cewa ƙasar da ta saɓa wa haƙƙin kiyaye yanayi ana iya neman ta gyara ɓarnar da ta jawo.

To, mu auna. Bankin Duniya ya kimanta ɓarnar ambaliyar 2022 a Nijeriya kaɗai, ya ce ta kusa Dala biliyan 7. Watau abin da aka yi wa duniya duka alkawari a Dubai bai wuce ushirin hasarar ƙasarmu ta shekara guda ba. Kuma asusun ba ya jin kukan mutum ɗaya ɗaya. Gwamnati ce ke nema, da takardu da lissafi.

Abin da Nijeriya ta shirya

Tun 1981 akwai Asusun Kula da Muhalli, wanda ake cire masa kaso daga kuɗin tarayya don zaizaya da ambaliya da hamada, jihohi da ƙananan hukumomi ma suna da rabonsu. A 1987 aka fara inshorar noma ta gwamnati. A 1999 aka kafa NEMA, hukumar agajin gaggawa. Bayan ambaliyar 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya ware Naira biliyan 17.6, ya kuma naɗa kwamitin neman gudummawa a ƙarƙashin Aliko Ɗangote da Olisa Agbakoba. A watan Nuwamba na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisa ta ƙasa da Shugaban Ƙasa ke jagoranta, ta ba mata, da matasa, da naƙasassu, da ƙungiyoyin muhalli kujera a ciki, ta kuma tanadi asusu. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da ba kowace jiha Naira biliyan 3 saboda ambaliya.

Ka ga ashe ba hukumomi aka rasa ba, ba kuma a rasa kuɗi ɗungum ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da ta tashi daga Abuja ta iso ƙofar gidan wanda ruwa ya ci. Agaji dabam, mai da hasara dabam. Buhun shinkafa da tabarma da gidan sauro suna raba mutum da yunwar mako biyu, amma ba su tā da soro, ba su mai da sa na huɗa, ba su biya bashin taki. Dokar 2021 ba ta bayyana yadda za a auna hasarar manomi a biya shi ba. Akwai kuma hasarar da kuɗi ba su auna ta: maƙabartar kakanni da ruwa ya tone, littattafan malami da suka jiƙe, irin gero na gado da ya ɓace, da zumuncin unguwar da ta watse.

Darasin Bagega

In ana neman misalin abin da jama'a ke iya yi, ba sai an je nesa ba, yana nan cikin ƙasar Anka. Wannan musiba ba ta yanayi ba ce, amma darasinta ɗaya ne. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma. Da aka bincika sai aka ga gubar dalma ce. Zinariya ta yi tsada, maza suna kawo duwatsu gida, ana daka su ana niƙa a tsakar gida, ƙurar tana shiga cikin yara. Yara fiye da 400 suka rasu. Magani kuwa ba ya amfani sai an kankare ƙasar gidan an zuba sabuwa, in ba haka ba yaro ya warke ya koma cikin guba.

Aka share ƙauyuka 7, kuɗi suka ƙare, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma, da yara wajen 1,500 suna jiran magani. A watan Mayu na 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850. Wata ya bi wata, ba a ga ko anini ba. Sai waɗansu samari, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka kafa wani shiri mai suna Follow The Money, watau bin sawun kuɗi. Suka zo Bagega, suka ji daga bakin iyaye, suka ɗauki hotuna, suka baza a intanet da jaridu da rediyo, tare da MSF da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch. A watan Janairu na 2013 Shugaban Ƙasa ya ba da umurni a saki kuɗin. Samarin ba su tsaya nan ba, suka ci gaba da tambayar nawa ya shiga kowace ma'aikata, nawa ya iso gari. A shekarar nan aka share Bagega, aka fara ba yara magani.

Dubi abin da ya ci nasara a nan. Akwai adadi sananne, na yara da na kuɗi. Akwai alkawarin da aka yi a bainar jama'a. Akwai mutanen gari da suka yarda suka yi magana, da waɗansu na waje da suka kai maganar inda za a ji ta. Ba a jefa dutse ba, ba a tare hanya ba. Bambancin Bagega da Bakolori ke nan.

Abin da ya rage gare mu

Yanzu mu koma ga malamin hakimi da takardarsa. En'e ta wuce tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma hukuncin nan bai sāke ba: abin da ba a rubuta ba, ba a biyansa. Asusun duniya zai tambayi Abuja lissafi, Abuja ta tambayi Gusau, Gusau ta tambayi ƙaramar hukuma. In babu kome a rubuce a ƙauye, sai wani ya zauna a ofis ya ƙaga sunaye, rabon mai hasara ya tafi ga wanda ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuka ci nasara, ga inda karatunku zai yi rana. Kowace unguwa ta sami littafi guda. In ruwa ko fari ya yi ɓarna, a rubuta ranar, da sunan magidanci, da ɗakunan da suka faɗi, da damman da suka lalace, da dabbobin da suka mutu. Kada a manta da gwauraye mata da marayu, da Fulanin ruga, da 'yan gudun hijira, gama su aka fi tsallakewa. A karanta a gaban mai unguwa da liman da jama'a, kowa ya ji, don kada a ƙara kada a rage. Mai wayar hannu ya ɗauki hoto. In agaji ya zo, a rubuta abin da ya zo da wanda ya karɓa. Wanda ya rubuta ƙarya don ya ƙara rabonsa ya sani ya ci amanar maƙwabcinsa, ya kuma sa gobe ba za a gaskata garinsu ba.

Ƙungiyoyin manoma, da na masunta, da na mata masu adashi, da 'yan agaji na masallatai, su haɗa kai su riƙa tambaya cikin ladabi: nawa ne rabon ƙaramar hukumarmu daga Asusun Muhalli, me aka yi da shi? Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta ya tambaya. Su riƙa sauraron hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, su kai shi kasuwa da masallaci. Su nemi a sa wakilansu cikin kwamitin rabo tun kafin ruwa ya zo, gama ba a fafe gora ran tafiya. Mu kuma kanmu mu bar wa ruwa hanyarsa, mu mai da itatuwan bakin gulbi, mu farfaɗo da rumbun tsimi.

Imaninmu ne cewa ruwa da fari duka na Allah ne. Amma Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka nuna masa shekarun yunwa, tanadi ya yi da awo da lissafi. Zamfara da ta ciyar da maƙwabta a 1942 ba ta cancanci ta zama mai jiran buhu ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin tambaya. Amin.